Hawa'u Dillaliya da Muryar Malam Bukar

Da hantsi, idan maza sun watse zuwa kasuwa da bakin kogi, lokacin ne Hawa'u dillaliya take fitowa daga gidanta da ke ƙarshen unguwar Hausawa ta Garwa. Ƙullin kaya a ka, buta a hannu, takalmin roba yana mata tafi a diddige. A cikin ƙullin akwai abin da aka san dillaliya da shi: atamfar da wata ta gaji da ita, kwanon samira, turaren wuta, ɗan kunnen da uwargida ke son rabuwa da shi ba tare da maƙwabta sun ji ba. Sai dai a bakin zanenta akwai abin da babu wata dillaliya a garin nan da ke yawo da shi, wato ɗan sukudireba mai jan ƙota. Haka take shiga gida ta fita gida har la'asar, awakin unguwa ma sun san takunta.

Baƙo zai ce me ya haɗa kifi da kaska. To, bai san ɗakin matan Garwa ba ne. Rediyo a ɗakin mace ba ya mutuwa. Idan ya daina magana sai a goge shi, a lulluɓa masa ƙyalle mai saƙa, a ɗora shi a kan jeren kwanoni ya ci gaba da aikin ado. Can kuma a rumfar kasuwa, masu gyara suna zaune sun yi tagumi don rashin ɗan makunni ko ɗan maɓallin da ba a samu sai an aika Duwala, alhali ga irinsa birjik a cikin ɗakunan da namiji ba ya shiga. Hawa'u ce ta fara lura da haka. Takan zauna da mai ɗaki, a gaisa, a taɓa hira, sannan ta nuna jere da haɓa ta ce, "'Yar nan, ki riƙe fatar, ki ba ni hanjin." A yi musaya da kwano ko turmin zane, rediyo ya koma mazauninsa, ba wanda zai ce an taɓa shi.

Mas'udu mai gyara, wanda rumfarsa ke kusa da masu goro, ya ce rabin rediyon da ke magana a unguwar nan da hanjin Hawa'u suke magana. Ƙila ya ƙara gishiri, don Mas'udu ba ya cin miya lami. Amma na ga Malam Jibril makaho ranar da aka mayar masa da nasa, ya rungume shi yana jiran shirin gaishe-gaishe, yana ta sa wa matar albarka. Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne maganar Malam Bukar ladani.

Malam Bukar ya tsufa a kan kiran salla a masallacin unguwarmu. A da, idan ya ɗaga murya, masunta a kan Binuwai suna ji. Shekaru suka zo suka rage masa ita kaɗan-kaɗan, yanar ido ta rufe masa gani, unguwa kuma ta yi girma, ga injin niƙa ga babura. Wata damina, azumi na ƙaratowa, dattawa suka zauna. Ba da mugunta ba, suka ce mata a cikin gidaje da kira suke shan ruwa. Idan muryar ba ta kai musu, to Malam ya huta a sa wani. Amma Malam ba shi da gona, ba shi da rumfa, 'ya'yansa sun yi nisa. Kiran nan ne kawai yake sa shi ya sa riga ya fito, kuma duk mun san idan aka karɓe shi an gama da tsohon.

Wanda abin ya fi damu ba ma a sahunmu yake ba. Théodore ne, mutumin Kaélé, mai aikin wayoyin lantarki a wurin gurzar auduga, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da masallaci. Yakan ce, "Ni Kirista ne, amma agogona Musulmi ne. In Malum ya daina kira, kullum zan makara zuwa izin, wurin aikina." Sai ya shiga haɗa akwatin ƙara murya da hannunsa, daga katako da tarkacen da ya daɗe yana tarawa, ya samo tsohuwar lasifika ya ɗaure a kan soro. Komai ya yi, saura abu guda. Da damina wuta ba ta da alkawari, don haka dole akwatin ya iya komawa kan batirin mota, kuma tsohon da ba ya gani ba zai iya cire wannan waya ya soka waccan ba. Ana bukatar makunni ɗaya mai murɗawa, wanda zai sauya wayoyi da yawa a lokaci guda, irin wanda ke cikin manyan rediyoyin da. Théodore ya zaga kantuna bai samu ba. Wani direba ya yi masa alkawari daga Mubi, ya dawo masa da makunnin fitilar bango. Duwala kuwa aka ce ya jira bayan salla.

Matarsa Léontine ce ta ce ya nemi Hawa'u. Ya tare ta a bakin hanya, ya durƙusa ya zana mata abin a ƙasa, faifai biyu a kan sanda.

"Ɗana, ni ban san zane ba," in ji ta. "Yaya yake kuka?"

"In kin murɗa buton ɗin, Dada, sai ya ce ƙas, ƙas, ƙas. Sau uku."

Ta bazama. Duk ɗakin da ta shiga sai ta murɗa maɓallan rediyo tana kasa kunne, mata suna dariya wai Hawa'u ta koma boka. Ta kawo na farko, faifai ɗaya ne. Ta kawo na biyu, tsatsa ta cinye shi. Da ta kawo na uku Théodore ya juya shi ya ce, "Dada, wannan ai na ƙara murya ne."

"To da ba murya kuke nema ba?"

Suka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don watan Sha'aban ya yi nisa. Kuma Hawa'u ta san inda abin yake. Tun ranar farko ta sani, kewaye-kewaye kawai take yi. A ɗakin Rabi'atu yake, matar marigayi Hamadu direban auduga, wanda mota ta kife da shi a hanyar Ngaundere. Babban rediyo ne mai jikin katako. Ya daina magana ana gobe Hamadu zai yi tafiyarsa ta ƙarshe, ya ce a bar shi, in ya dawo zai kai gyara. Tun daga nan Rabi'atu ba ta bari ko tsintsiya ta taɓa shi ba. Masu gyara sun sha yi wa Hawa'u naci a kansa, tana ce musu ba kowace ƙofa ake ƙwanƙwasawa ba.

Ranar da ta yanke shawara, ta je gidan da azahar, ta sauke kaya, ba ta kwance ba. Suna zaune a ƙofar ɗaki Rabi'atu ta dubi inuwa ta ce, "Yau kuma ba a yi kira ba ne, Inna?"

"Yana kan yi yanzu haka," in ji Hawa'u.

Suka kasa kunne suna saurare. Ba abin da ke zuwa sai ƙarar injin niƙa. Nan Hawa'u ta faɗa mata komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Rabi'atu ta daɗe tana kallon ƙyallen da ke kan rediyon.

"In aka cire, zai sake gyaruwa?"

A nan ne nake cire miki hula, Hawa'u. Wata da ta ce zai gyaru mana, ta karɓi abinta ta yi gaba, wa zai kama ta? Ke kuwa kika ce, "Ba zai gyaru ba, 'yar nan. In na cire, shi ke nan ya yi shiru har abada. Ba zan yi miki ƙarya a kan kayan mamaci ba." Rabi'atu ta ce ba za ta iya ba. Kika ce Allah ya ji ƙan Hamadu, kika ɗauki ƙullinki kika fita, ba ki kuma sake tayar da maganar ba. Ke ce dillaliyar da ta yarda ciniki ya ɓaci a kan ta ɓata gaskiya.

Ana saura kaɗan a fara duban wata Rabi'atu ta aiko a kira ta. Ta ce ta yi tunani, gyaran da Hamadu ya ce zai yi ba mai zuwa ba ne, gara abin ya zama sadaka a gare shi. Ba ta son kwano, ba ta son zane. Amma da sharaɗi: rediyon ba zai bar ɗakin ba, kuma hannun namiji ba zai taɓa shi ba.

Wanda bai ga aikin ranar ba an bar shi a baya. Théodore yana zaure, gumi ya jiƙa masa riga, ba shi da ikon wuce labule. Hawa'u tana ɗaki da sukudireba da almakashi, Léontine ta riƙe mata madubi tana hasko rana cikin rediyon. A yanke waya ɗaya, Hawa'u ta taso ta zo zaure.

"Akwai wata ja ta bi ta ƙarƙashi."

"Ki bar mata tsawo, Dada! Kamar ɗan yatsa. Dusma, a hankali, kada faifan ya tsage!"

"Kai ɗan nan, kana mini ihu sai ka ce haihuwa nake karɓa."

Ta koma, ta dawo, ta sake komawa, har gwiwoyinta suka fara ƙara. Can ta fito da abin a tafin hannu, wayoyi sun yi masa cirko-cirko. Théodore ya murɗa, ya ji kukan da yake nema, ya ce, "Useko, Dada, na gode," ya ruga ko takalmi bai sa daidai ba. Ita kuwa ta koma ciki, ta jiƙa ƙaro ta manna maɓallin a fuskar rediyon, ta mayar da ƙyallen yadda ta same shi.

Ranar ɗaya ga azumi hadari ya haɗo tun la'asar, gari ya rufe, ba mai iya cewa ga inda rana take. Hawa'u ba ta tafi gida ba, ta zauna wurin Rabi'atu, ga kunu ga dabino a gabansu. Iska ta taso, sai ƙwan lantarkin maƙwabta ya mutu, injin niƙa ya tsaya cak. An ɗauke wuta. Hawa'u ta tuna da tsohon shi kaɗai a gaban akwati, ga kuma wanda dattawa suka tanada yana tsaye a bayansa. Tsoro ya kama ta ƙwarai, kada a ce ta kashe wa baiwar Allah rediyo a banza.

Sai aka ji tari. Tari ne na tsoho, amma ya cika unguwa har kaji suka firgita. Bayansa muryar ta biyo, muryar Malam Bukar ta da can, da karkarwarta da jan da yake yi a ƙarshe, ta tsallake katangu ta nufi kogi. Rabi'atu tana riƙe da dabino, ba ta kai baki ba har ya gama. Hawaye na zuba ta ce, "Inna, ashe haka yake da daɗi." Dattawa ba su sake zama a kan maganar ba, kuma har yau da nake rubutun nan Malam Bukar ne ke kira.

Bana Hawa'u ta sauke ƙulli. Gwiwa ta ƙi, likita ya ce ta zauna. Ba a yi mata taro ba, sunanta bai fito a gidan rediyo ba, ita da ta tayar da rediyo ba adadi. Shi ya sa nake kira ga matasan matanmu masu shiga gidaje da talla da dillanci: ku buɗe ido kamar yadda ta buɗe, ku san abin da wani ya ajiye da abin da wani ya rasa, ku kuma faɗi gaskiya ko da za ta hana ku ciniki. Masu gyara kuma, ku riƙa leƙa ta, kada ku ci moriyar ganga ku yar da kwaurenta.

Kwanan baya Léontine ta tuna wa mijinta wani abu da duk muka manta: akwatin yana ɓangaren maza, Hawa'u ba ta taɓa ganinsa ba. Sai ga Théodore bayan azahar ya saɓo shi a kafaɗa, Malam Bukar na riƙe da gefen rigarsa, har zauren gidanta. Aka ajiye a gabanta. Ta shafa katakon, ta leƙa ta baya ta ga wayoyin da ta yanka da hannunta. Malam Bukar ya buɗe baki zai yi godiya, sai ya sa hannun riga yana share fuska.

Hawa'u ta dubi inuwar ƙofa, ta tura akwatin wajen Théodore.

"Na gani, ya yi kyau. Ku ɗauka ku mayar, ɗana. La'asar ta kusa, kada ku sa Malam ya makara aikinsa."

Mun gode, Hawa'u. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba.