Yaya Mai Taga, Ina Jin Tsoro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 11 ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran yayata, mai shagon gyaran gashin da ke layinmu, wadda kowa ya sani da Mai Taga. Ta cika a asibiti bayan doguwar jinyar ƙirji.

Yaya, masu zuwa gaisuwa suna ta ba ni haƙuri, ina amsawa. Ban faɗa wa kowa ba cewa tsoron da ke raina ya fi baƙin cikin yawa.

Tun ina budurwa kika ja ni shago kika koya mini sana'a. A lokacin ɗakin nan ƙofa ɗaya gare shi, ba wata kafar iska. Mu kwaɓa maganin sakin gashi da hannu tsirara, mu fesa wannan, mu goge farce da wancan, injin busar da gashi yana ta hura mana zafi. Idanunmu su yi ja, mu yi dariya mu ce ai warin kuɗi ne. Ruwan wankin kai kuwa kwata muke sheƙa shi. Gashin da muka share mu tara a bayan shago da robobin da suka ƙare, mu banka musu wuta.

Ranar da ƙaramar 'yar tela maƙwabcinmu ta shiga kwatar nan tana wasa ba takalmi, komai ya sauya. Kafin la'asar fatar ƙafarta ta yi ja ta saɓule. Ke kika goya ta kika ruga kemis. Da kika dawo kika zauna a kujerar wankin kai. Sai kika ce, "Auta, abin da ya ci ƙafar yarinya ta waje, me yake yi mana ta ciki?"

Washegari kika kira magini ya fasa bango. Mai gidan haya ya zo yana faɗa, kika bi shi da lallami har ya haƙura. Taga ce ƙatuwa wadda ba ta dace da ɗan shagon ba, mutanen layi suka yi ta tsokana wai kin buɗe sinima. Daga nan sunan ya bi ki.

Ba ki tsaya nan ba. Kika sa aka haƙa rami a baya, aka ja bututu, ruwan wankinmu ya daina bi ta ƙofar mutane. Kika hana ƙona gashi. Wani tsoho mai lambu yake zuwa ya kwashe a buhu ya haɗa da taki, yana cewa kabejinsa ma yanzu ya san gayu. Man gashi kika koma saye a babbar jarka, mace ta zo da kwalbarta a cika mata. Magunguna masu ƙarfin wari kika sauke su daga kanta. Wasu matan suka yi fushi suka koma inda za a sakar musu gashi nan take. Na ji haushi a lokacin, kika ce in bar su, kan kowa nasa ne, amma iskar ɗakin tamu ce duka.

Kin bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya kina raba safar hannu da takunkumi. Wasu suka karɓa, wasu suka ce kishin ciniki ne. Duk wadda hannunta ya tsattsage, wurinki take zuwa a ɓoye, ki shafa mata magani, ba ki taɓa yi mata gori ba.

Sai dai ke ɗin, ashe an riga an makara. Tarin ya fara kamar mura. Sai ya kai ba ki iya gama kitso ɗaya ba ki huta ba. Sai matakalar gidanki ta gagare ki. Likita ya duba hoton ƙirjinki, ya tambayi sana'arki. Ya ce ba zai rantse cewa aikin ne ya jawo ba, amma ba zai ce ba shi ba ne.

Yaya, na ga yadda mutum yake neman numfashi ya rasa. Ba na fatan ko maƙiyina ya gani. Kina kwance da robar iska a hanci, ƙirjinki yana sama yana ƙasa, ni kuma idona a kan na'urar da ke ba ki iskar duk lokacin da wuta ta ƙifta. A haka kika ji na yi tari a bayan labule. Kika yafito ni, kika riƙe wuyan hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage miki. "Ɗaki ɗaya muka shaƙa," kika ce. "Ki je a duba ki."

Na je, Yaya. Jiya aka ɗauki hoton ƙirjina, an ce in koma mako mai zuwa. Tun da na fito nake sauraron ƙirjina kamar mai jiran sallama a bakin ƙofa. In na bi ta layin na ga 'yan mata a rufaffun shaguna, idanunsu jajur suna dariya irin tamu ta da, sai in tuna da ke. Ba ni da bakinki, ba ni da haƙurinki. Amma na fara tsayawa ina yi musu magana, kuma yanzu ba mai cewa kishin ciniki ne.

Ya Allah Ka ji ƙan baiwarKa. Ka sa wahalar numfashin da ta sha ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka saka mata da Aljanna Firdausi saboda cutar da ta kawar daga hanyar mutane.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, wadda ta binne 'yar farinta, ga mijin marigayiya da ya yi jinya bai gaji ba, ga 'ya'yanta, da duk matan da suka ci abinci ta hannunta. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a, ni ma kada ya manta da ni.