Baba Mala, Maƙerin Da Ya Ƙi Narka Dirhami

Shekara arba'in da bakwai Baba Mala yana buɗe rumfarsa a Fagge da hantsi, ya hura gawayi, ya zauna ƙera zobba da 'yan kunne na azurfa. Iyayensa daga Borno suka zo. Bana idonsa ya raunana, ya ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina rumfar ranar da Madam Ifeoma, tela a Sabon Gari, ta kawo wata tsohuwar sarƙa mai kwabbai uku da suka yi baƙi. Aminiyarta Hajiya Fanta ce ta ba ta kafin ta rasu, ita ma Fanta ta gaje ta ne daga kakarta da ta je Makka a ƙasa. Ifeoma so take a narka su, a yi wa 'yarta 'yan kunnen biki.

Wuta ta riga ta kama. Baba ya goge ɗaya da toka, ya kai shi haske, ya daɗe yana kallo.

"Madam, wannan hannuna ba zai iya narka shi ba," in ji shi.

Ya nuna mata kalmar shahada a tsakiya, sannan ya karanta rubutun gefe: an buga shi a Wasiɗ, ta ƙasar Iraƙi, kafin Hijira ta cika shekara ɗari. Ya ce a da can Musulmi da kuɗin Farisa da na Rum suke ciniki, masu hoton sarakuna, sai aka fito da irin wannan dirhami, rubutu zalla. Da shi malamai ke auna nisabin zakka a littattafai har yau.

Ranta ya ɓaci, don biki saura kwana shida. Baba ya ɗauko azurfarsa ta ajiya ya yi mata 'yan kunnen, ya mayar mata da sarƙarta yadda ta kawo.

Yanzu duk shekara Ifeoma da kanta take kawo dirhaman zuwa makarantar da nake koyar da tarihi. Ɗalibaina sukan riƙe su a tafin hannu.

Baba Mala, kai ne ka san abin da bai kamata wuta ta ci ba. Ba ka shiga jami'a ba, amma ka tsare mana shekara dubu da ɗari uku. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Maƙeranmu, idan tsohon abu ya zo hannunku, ku karanta shi tukuna.