Kaumi da Kindirmon Teburin Di'o

Kafin ladanin Dogo Nini ya gama kiran assalatu, Kaumi ya riga ya yi alwala. In an sallame sai ya sa farin kaftaninsa na aiki, ya ɗaura jar ɗamara, ya kama hanyar bariki, inda Turawan gwamnati ke sauka in sun biyo hanyar Kano zuwa Maiduguri. Shekara ashirin da takwas ke nan yana wannan sintiri, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki. Abin da yake fara yi kullum shi ne ya leƙa tsohuwar randar bayan kicin, ya taɓa jiƙaƙƙen buhun da ya lulluɓe kwalabe da shi, ya ji ko sanyin ya kai. Daga nan ya ɗauko tambulan ɗin nan masu doguwar ƙafa, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kowanne sama yana harararsa kamar mai neman laifi.

Shi ne babban boyin bariki, kuma giyar inabin da Turawa ke sha a kan abinci a hannunsa take. Abin dariya, mutumin nan ko ɗigonta bai taɓa hawa harshensa ba, amma babu Baturen da ya fi shi sanin ladabinta. Fara ta kifi ce, ja ta naman rago. Ba a cika tambulan. Daga hannun daman baƙo ake zubawa, mata a fara, mai gida a ƙarshe. Kafin wannan duka kuwa, sai an naɗe kwalba da farin adiko an nuna wa mai gida, a buɗe a gabansa, a ɗiga masa 'yar kaɗan ya ɗanɗana. Sai ya gyaɗa kai sa'an nan a zuba wa saura. Idrisu kuku ya ce ya sha ganin Kaumi ya shinshina marfi kawai ya mayar da kwalba kicin, ya ce ta lalace, warin jiƙaƙƙiyar tabarma take yi. Baturen ya ce a kawo ya gani, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ba Kaumi gaskiya.

Ba za mu ɓoye ba, ya sha gori a gari. Akwai masu cewa mai ɗaukar kwalba da mai shan ta duk tafiyarsu ɗaya. Shi bai taɓa musu da kowa ba, iyaka ya wanke hannu ya ce Allah Ya yafe mana. Wannan hukunci na malamai ne, mu bar musu. Abin da ya sa muke jinjina masa yau, wata rana ce guda da idanu da yawa suka shaida.

Shekara huɗu da suka wuce Razdan, babban Baturen lardi, ya zo rangadi daga Maiduguri, Di'o, Baturen da ke riƙe da yankinmu, ya shirya masa liyafar rana a barandar bariki. Cikin waɗanda aka gayyata har da Mallam Muhammadu Lawan, malamin 'yar makarantar elementare ta Mamudo. Da ƙyar da jiɓin goshi malamin nan ya tara yara goma sha tara. Gida gida ya bi yana rantse wa iyaye cewa boko ba za ta raba 'ya'yansu da addini ba, suka ba shi don sun san shi ne ke jan su salla. Yanzu ga shi za a zaunar da shi teburin Turawa. Al'adarsu kuwa, in an gama ci sai kowa ya miƙe ya ɗaga tambulan, a ambaci Sarauniya, a kurɓa. Wanda ya ƙi ya ci mutuncin mai gida da baƙonsa.

Uwargidan Di'o mace ce mai kirki, ta kuma yi tunanin malam. Da safe ta kira Kaumi ta ce a dafa zoɓorodo a tace, a zuba wa malam a tambulan irin na kowa. Ja ne kamar na saura, ba wanda zai gane bambanci, malam ba zai ji an ware shi ba.

Kaumi ya rusuna ya ce to. Amma da ya fito baranda sai ya tsaya yana duban danga. Ya san duk ranar da aka yi babban baƙo, bayan dangar nan cika take yi da direbobi da masinjoji da masu talla da 'yan kallo, kuma ranar akwai mutanen Mamudo da suka rako malaminsu. Daga can ba a jin ƙanshi, launi kawai ake gani. Ja a hannun Razdan, ja a hannun malam. Kafin la'asar labari ya kai Mamudo cewa malam ya sha giya da Nasara, kafin Asabar aji ya zama kango, kuma ko Alƙur'ani ya dafa ba mai saurarensa.

Kaumi ya koma kicin ya gaya wa Idrisu. Idrisu ya saki ludayi ya ce, "Kai Kaumi, rufa wa kanka asiri. Uwargida ta ce zoɓo, ka ba da zoɓo. Ka taɓa ganin boyin da ya gyara wa matar Di'o magana ya kwana da ɗamara?"

"Uwargida tebur yake kallo," in ji Kaumi, da Hausarsa ta Barebari da ba ta damu da mace ko namiji ba. "Ni danga nake kallo."

Ya zagaya ƙofar baya, ya tarar da Ummuhani, Bafulatanar da ke kawo wa bariki madara, tana shirin ɗaukar kayanta. Ya ce ta ba shi kindirmon da ya fi kowanne, da ƙwaryar da faifan duka.

"Yau kuma bawana ya tuna da uwargijiyarsa?" in ji ta. "Me Babarbare ya sani a kindirmo?"

"Ke dai kawo, baiwar kakana. Yau ƙwaryarki za ta hau inda ke ba ki taɓa takawa ba."

Aka zauna, aka ci. Mallam Muhammadu Lawan yana can ƙarshen tebur, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, abinci ma tsakura kawai yake yi. Kaumi ya zagaya da jar kwalba yadda ya saba, ya tsallake tambulan ɗin malam. Uwargida ta ɗaga gira tana nuna masa da ido. Ya rusuna ya shige ciki.

Da ya sake fitowa, duk hirar tebur ta tsaya. Ga babban farantin azurfa na bariki a hannunsa, ga ƙwaryar Fulani a kai an naɗe gindinta da farin adiko, ga ludayin duma a gefe. Bai bi gajeriyar hanya ba, sai da ya bi bakin baranda tun daga wannan kusurwa har waccan, a hankali, yadda duk mai ido a bayan danga zai gani. Ya zo daman Di'o ya tsaya, ya nuna masa ƙwarya kamar yadda yake nuna kwalba, ya ɗaga faifai, ya ɗiga masa kaɗan a sabon tambulan. Ya ja da baya taku ɗaya, ya sa hannu a baya, yana jira. Idrisu, da ke leƙe ta tagar kicin, ya ce a lokacin fuskar Kaumi ko gezau.

Di'o ya dubi tambulan, ya dubi matarsa, ya dubi Kaumi. Sai Kaumi ya ɗan karkata ido wajen danga. Baturen ya bi idon, ya ga kawuna jere kamar tulunan bakin rijiya. Sa'an nan ya ɗaga tambulan ya juya shi, ya shinshina, ya kurɓa, ya gyaɗa kai, ga farin kindirmo ya kwanta masa a gashin baki.

"Da kyau," in ji shi.

Kaumi ya wuce daman malam ya zuba masa, bai cika ba, bai kuwa ɗiga ko ɗigo a kan tebur ba. Razdan, wanda Hausa ta zauna masa a baki, ya tura nasa tambulan gefe ya ce, "Kaumi, mu laifin me muka yi?" Aka fashe da dariya, uwargida ma da ta gane sai da ta rufe baki da adiko. Da aka miƙe don Sarauniya, tambulan uku ne farare tas a cikin rana, na malam ya fi kowanne tashi sama. Daga bayan danga aka ji Ummuhani ta rangaɗa guɗa.

Ran Asabar Mallam Muhammadu Lawan ya tarar da yaransa goma sha tara cif, ga kuma wani dattijo, Yaji, wanda ya taɓa korar shi daga ƙofar gida, tsaye da jikoki biyu. Dattijon ya ce, "Ina bakin danga ranar. Malamin da ya sa Razdan shan nono, ai ba Razdan ne zai sa shi shan giya ba. Ga su nan." Yau makarantar tana da aji uku.

Kai ne, Kaumi. Kai ne ka san ladabin Turawa har ka fi su, ba ka kuwa manta da idon mutanenka ba. Kai ne ka sa ɗamararka ta shekara ashirin da huɗu a bakin wuta saboda mutuncin mutumin da ko gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa ku ba. Bature ya koya maka yadda ake zubawa, amma sanin abin da ya kamata a zuba wa wa, wannan daga gida ka zo da shi. Na Borno, mai hannu ba rawa, mun gode. Muna murna da kai, muna kuma jin zafin tafiyarka.

Ku da za ku gaji farantin nan, da ku masu hidima a ofis da asibiti da tasha, ku koyi ƙa'idar aikinku har ku iya ta kamar Kaumi, sa'an nan ku riƙa ɗaga kai kuna duban wanda ke gabanku da inda zai koma in ya tashi. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Baba Kaumi. Yaran Mamudo sittin da ɗoriya suna karatu yau, ba ko ɗaya a cikinsu da ya san sunanka. Malaminsu ya ce ranar Juma'a zai kawo su Dogo Nini, su durƙusa su gaishe ka.