Jan Nama a Ƙafar Manu

Malam Lukuman Bawa yana da shekara arba'in da tara, kuma ashirin da biyu daga cikinsu ya yi su ne yana wankin gyambo a wani ƙaramin asibiti kusa da Bungudu. Shi ba likita ba ne, amma in ya shinshini bandeji yakan faɗi kwanakin ciwo.

A daminar bana, ta 1998, aka kawo masa Manu, makiyayi daga wajen Kucheri, wanda kututture ya huda masa ƙwauri. Gyambon ya yi wata huɗu, ya yi rami har yatsa yana shigewa. A asibitin Gusau an ce wa Manu in mako uku suka wuce bai gyaru ba, za a yanke ƙafar.

A makon ne wata likita a Gusau, Hajiya Wasila, ta ba Lukuman kwalin wani magani mai kauri, garai-garai kamar jiƙaƙƙen ƙaro. Ta koya masa ya zuƙe shi a sirinji marar allura, ya cika ramin, ya rufe. Ta ce danshin ne ke ba ƙananan jijiyoyin jini damar tsirowa. Ta ƙara da cewa masu bincike a ƙasashen waje na gwada zuba ƙwayoyin halitta masu rai cikin irinsa, su tura shi a jiki da allura. Lukuman ya dawo a kan babur yana ta nanata zancen shi kaɗai.

Kwana shida yana cika ramin, bai ga canji ba. Kullum ya kwance bandeji sai ya tarar da ciwon a bushe, da farin gari a ciki. Ya dubi Inna Tambaya, mahaifiyar Manu, wadda ke jinyarsa.

"Inna, wa ke taya ni aiki?"

"Ni ce. Kai ɗan nan, ina ka taɓa ganin ciwo ya warke da ruwa? Ka zuba mai koko ka tafi! Ni ko in share, in fasa kafso in barbaɗa, yadda kowa ka yi."

"To Inna, kin taɓa shuka gero a busasshiyar ƙasa?"

"Ƙafar ɗana gona ce?"

"Ba ni aronta kwana bakwai. In ba ta tsira ba, ki zuba kafso har da buhunsa."

Ta yarda, amma ta ce a gabanta za a riƙa kwancewa. Rana ta biyar ƙasan ramin ya fito ja jawur, da ƙuraje ƙanana kamar tsabar dawa. Inna Tambaya ta ɗora hannu a ka.

"Ya ruɓe! Ka kashe mai ƙafa!"

Lukuman kuwa tsalle ya yi, har ya ture kwanon auduga.

"Jijiyoyi ne, Inna! Sabon nama ne! Taɓa nan, Manu, ka ga jini? Mataccen nama ba ya jini!"

Manu ya leƙa, ya ce, "Malam, ban taɓa ganin mai murna da jinin wani ba sai kai."

Da wa'adin mako ukun ya cika, likitan Gusau ya auna ramin, ya ce a bar ƙafar. Manu ya koma rugarsu yana ɗingishi da sandarsa.

Maganin da ya rage zai cika sirinji goma sha ɗaya. Ranar Litinin da ta wuce, Lukuman ya cika biyu ya tafi Karakkai wurin wata tsohuwa mai ciwon sukari, kuma kafin ya kwance bandejinta sai da ya sa aka miƙo masa duk kafson da ke gidan.