Bawan da Ya Zauna a Gindin Bishiya

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Daura ita ce shekarar da Kawu, yayan mahaifiyata, ya sayo talbijin. Falken shanu ne, kuma lokacin kasuwa ta buɗe masa: arzikin mai ya shigo ƙasa, mutanen kudu sai cin nama suke, duk shanun da ya loda a mota ba sa kwantai. Ya je Kano ya dawo da akwatin da ɗan injin wuta, aka ɗaure eriya a kan doguwar gora da ta zarce soro. Wata rana hoto ya fito tas, wata rana sai yayyafi kamar ana sheƙar gero.

A gidansa nake zaune, kuma da yake ni ne mai Turanci, na zama tafinta. Kaka, mahaifiyar Kawu, takan sa a shimfiɗa mata tabarma gab da akwatin. Limamin unguwarmu kuwa kullum cewa yake leƙowa kawai ya yi, amma ba ya tashi sai an gama.

Wani yammaci da damina, bayan magariba, aka nuna fim ɗin bayi. An kwashe su a jirgin ruwa zuwa wata ƙasa mai gonakin rake, ana sa su sara ana bulala, kuma mai bulalar shi ma bawa ne baƙi irinsu. Ina fassara abin da na kama, wanda ya wuce ni in ce ya wuce ni. A ƙarshe aka 'yanta wani dattijo daga cikinsu. Aka buɗe masa ƙofa, ya fita, ya yi 'yan taku, sai ya sami gindin wata bishiya a bakin hanya ya zauna. Nan fim ya ƙare.

Nan kuma gardama ta fara. Liman ya ce dattijon godiya ga Allah yake yi a zuci. Ni, da ɗanyen karatu a ka, na ce Afirka fim ɗin yake nufi: an ba mu mulkin kai, mun fito, mun rasa inda za mu dosa. Kawu ya ce duk mun yi nisa, shi ya san dabba ya san mutum. Wanda ya daɗe a turke, ko ka kwance shi ba ya barin wurin, igiyar ta riga ta koma cikin kansa.

Kaka ta ɗaga kai ta dube shi. "Kakar taka kake haɗawa da sa?"

Kowa a gidan ya san an kawo mahaifiyar Kaka ƙasar Daura tana ƙarama, a matsayin baiwa, tun kafin zuwan Turawa, amma ba mu taɓa jin Kaka ta ɗauko zancen ba. Ranar ta ɗauko shi tana murmushi. Ta ce da ubangidan ya 'yanta mahaifiyarta, washegari ta tafi bakin rijiya ba guga ba tulu, ta zauna tun hantsi tana kallon masu wucewa. So take ta ji ko wani zai kira ta. Har azahar ba wanda ya kira. Sai ta tashi don kanta, ta koma gida ta daka geron da ta saba dakawa.

"Shi ma zaman da yake yi ke nan," in ji ta. "Ɗanɗanawa yake."

Na tambaye ta game da mai bulalar, domin shi ya fi damuna. Ta yi dariya ta ce, "Maigidana, ai ita ma da ta yi aure ta sami 'yan matan da ke mata aiki, duk unguwa ba wadda ta kai ta tsanani. Ina ƙaunarta, amma na sha carbinta a gadon baya."

Kawu bai sallama ba. Ya ce da safe zai nuna mana. Yana da wani jan bajimi da yake kiwatawa a bayan gida, ya yi watanni a turke ɗaya yana cin dusa da harawa. Da gari ya waye ya tara mu, har da Liman, ya kwance igiyar ya ja da baya. San ya tsaya cik yana tuƙa. Kawu ya juyo yana baza hannu, wato mu gani da idonmu. Bai sauke hannun ba san ya ɗaga wutsiya, ya bi ta kan danga, ya nausa gonar gyaɗar Liman, ya ɓulla ta ɗaya gefen ya kama hanyar Zango.

Haka muka bi shi, Kawu da babbar riga a naɗe a kafaɗa, Liman yana salati yana duba kunyoyinsa, ni kuma da fararen takalman zuwa makaranta cikin taɓo. Sai da wasu Fulani masu dawowa daga kiwo suka tare mana shi. Kawu yana haki ya ce a yi masa adalci, san bai kalli fim ɗin ba.

Ranar na makara ƙwarai. Da hedimasta ya ji dalili, dariya ta hana shi yi mini faɗa, ya ce shi ma a ajiye masa wuri a tabarma. Daga baya na riƙa zama da Kaka ina tambayarta labarin mahaifiyarta. Sunan garinsu na asali ya ɓace mata, ta dai tuna an ce akwai duwatsu da babban kogi, kuma mahaifiyar tata har ta rasu ba ta yarda tuwon gero ya kai doya ba.