Jinina Yana Shiga Kowa

Tun ranar da mai gwaji a Bagudo ya ɗiga jinina a kan gilashi, ya ce irin nawa yana shiga jikin kowa, na zama rijiyar gari. Daga Lafagu har ƙauyukan Benin, in mace ta zubar da jini wurin haihuwa, ni ake ɗaukowa a babur. Ban taɓa ƙi ba.

Da za a yi mini tiyata, likita ya ce ni kuwa ba a iya ƙara mini jini sai irin nawa. Aka ce jama'a su zo a gwada, a ɗan soki yatsa kawai. Wani ya ce shinkafarsa ta isa yanka. Maƙwabcina ya ce allura yake tsoro. Ƙato da gemu! Matarsa fa da jinina take yawo.