Hannun maƙwabciyata

Ɗiyar yayata likita ce, tana ƙarin karatu a Yamai. Shekarar da za ta rubuta littafin kammalawa ta sauka gidana a Galma, tana bincike kan raunukan da mata ke zuwa da su asibiti suna cewa faɗuwa sunka yi. Ni na riƙa shiga gidaje ina kawo mata matan, ina rantse musu da Allah cewa maganar amana ce. Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, sai da na je sau uku kafin ta yarda.

Yarinyar tana ɗaukar muryarsu a salula ta zuba cikin ordinatar, wato kwamfuta. Akwai wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta maganar, ta mai da ta Faransanci. Ta nuna mini inda ta umarce ta da share duk sunan mutum. Na karanta da guntun Faransancina na kwaleji, hankalina ya kwanta.

Abin da ba mu tuna ba, mace a wurinmu ba ta kama sunan mijinta. Maƙwabciyata ko sau ɗaya ba ta ambace shi ba. Cewa ta riƙa yi mai jan injin ban ruwa, wanda garkar albasarsa ke bakin gada. Na'ura ta nemi suna ba ta samu ba, ta bar komi yadda yake. Duk garin kuwa mutum ɗaya ke da jan inji. Yarinyar ta kai aikin wani shago a Madawa a buga mata bisa takarda ba ta sake karantawa ba, mai shagon kuma ƙanen mutumin ne.

Washegari da hantsi ina tankaɗen gero, maigidana yana gona, na ji ƙarar duka ta bayan katanga. Kafin in aje rariya mai jan injin ya shigo gidana ba sallama, yana jan matarsa da kitso, ɗaya hannun riƙe da tiyon ban ruwa. Ya yar da ita gaban turmi.

"Ga ta nan, likita, ƙara tambayarta. Yau ma faɗuwa ta yi?"

Yarinyar ta fito da ordinatar a hannu. Ya zabga mata tiyon a fuska, leɓenta ya tsage. Ya sunkuci taɓaryata ya yi ta saran na'urar har gilashi ya watsu cikin garin gero. Sannan ya juya kan matarsa. Na shiga tsakani.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ni na kawo ta, ni za ka buga."

Ya ture ni na bugu da gindin rumbu. Matar ta ɗaga hannu ta kare kanta, taɓarya ta sauka. Na ji ƙashin ya ɓalle kamar busasshen karan dawa. Maza uku sunka shigo daga titi sunka danne shi, yana ta haki yana cewa an kai asirinsa kasuwa.

Yarinyar, jini na ɗiga daga haɓarta, ta ɗaure hannun da muciyata da kallabina. Maƙwabciyata ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi a rufe mata kai. Maganar kai ƙara wurin jandarma ta ƙi ta, saboda ƴaƴanta. Daga asibiti yayanta ya wuce da ita garinsu, Tabotaki. Na bi su har bakin mota ina neman gafara, ba ta dube ni ba.

Sauran takardun na cikin jaka. Bayan azahar munka zauna, ni da yarinyar, muna bin su layi layi. Sauran matan ma haka sunka kwatanta mazansu. Ga mai gyaran babur na kusa da masallaci. Ga mai sayar da raguna, mai ido ɗaya. Ga wani ladan. Kowanne na san ƙofar gidansa, mai shagon ma ya sani.

Na sa hijabi, kafaɗata ba ta ɗaguwa sosai, na nufi gidan mai gyaran babur tun bai tashi daga aiki ba. Matar tana wanki. Ta yi mini maraba tana dariya, ta jawo tabarma. Na ce ta bar tabarmar, ta tsame hannunta ta saurare ni.